Martanin da Ba a Ji Ba Daga Dakko

A shekarar 2021 hukumomin Nijeriya sun toshe hanyar magana sau biyu, tsakanin na farko da na biyu wata uku kacal. Na farkon ba wanda bai san shi ba. Ranar 2 ga Yuni kamfanin Twitter ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, wanda a cikinsa ya gargaɗi masu tayar da ƙayar baya a kudu maso gabas ta hanyar tuna musu da yaƙin basasa. Bayan kwana biyu Ministan Yaɗa Labarai, Lai Mohammed, ya sanar da dakatar da Twitter a faɗin ƙasa, kuma ba a ɗage takunkumin ba sai ranar 13 ga Janairun 2022, bayan kwana 222. A tsawon wannan lokaci ba abin da ba a faɗa ba. Ofisoshin jakadancin Amurka da Birtaniya da Tarayyar Turai sun fitar da sanarwa, lauyoyi sun garzaya kotu, matasa sun koyi sauke manhajar VPN cikin dare ɗaya suka ci gaba da zagin gwamnati a kan dandalin da ta ce ta rufe. A watan Yulin 2022 kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa dakatarwar ta saɓa wa doka, ta kuma umarci Nijeriya da kada ta sake.

Na biyun ya faru ne ranar 3 ga Satumba. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, a ƙarƙashin Farfesa Umar Garba Danbatta, ta rubuta wa kamfanonin waya cewa su kashe dukkan turakunsu da ke Jihar Zamfara, bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle wadda ya miƙa ta hannun Ministan Sadarwa, Isa Ali Pantami. An ce na mako biyu ne. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai da suka jira ƙarshen Nuwamba kafin gwamna ya sanar da dawo da shi. Kusan wata uku ke nan mutumin Dakko, a ƙaramar hukumar Bakura, yana riƙe da waya a aljihu wadda amfaninta bai wuce haska fitila da kunna rediyo ba. Babu kira, babu saƙo, babu tura kuɗi. Manhajar VPN kuwa ba ta da abin yi a nan, domin tana karkatar da hanya ne a inda hanya take, ba ta haƙa sabuwa inda aka share ta.

Wanda ya auna waɗannan al'amura biyu da ma'aunin surutun da suka haddasa a intanet zai ce na farko ya fi girma nesa ba kusa ba. Wanda ya auna su da abin da suka taɓa a rayuwar mutane zai juya lissafin. An hana wasu dandali ɗaya daga cikin dandamali da yawa, kuma sun samu ƙofar baya. An hana wasu, jiha guda cur, kiran likita da ɗan'uwa da ɗan sanda. Dalilin da ya sa ma'aunan biyu suka saɓa ba ɓoyayye ba ne, amma ana yawan mantawa da shi duk lokacin da jarida ta buga kanun cewa 'yan Nijeriya sun mayar da martani: abin da ake kira martanin jama'a a kan labarin fasaha, martanin waɗanda fasahar ta bari su yi magana ne. Idan labarin shi ne an kashe turaku, waɗanda abin ya shafa su ne na farko da za a rasa muryarsu.

Kafin a yi wa matakin na Zamfara hukunci, adalci ne a tuna irin shekarar da aka yanke shi a cikinta, musamman a wannan kusurwa ta Talata Mafara da Bakura da Maradun. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 a farkon Maris. A tsakiyar Agusta aka afka wa Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura, aka kashe masu tsaro, aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 daga sakandaren Kaya a Maradun, ƙaramar hukumar gwamnan kansa. Ƙananan hukumomi uku maƙwabtan juna, makarantu uku, cikin kusan wata shida. Abin lura ne cewa wannan yanki ba saniyar ware ba ce a siyasar jihar: Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, sannan Matawalle na Maradun ya gaje shi. Gwamnoni uku daga ƙasa ɗaya, amma hakan bai sa 'ya'yan talakawanta sun kwana a makaranta da kwanciyar hankali ba.

Hujjar gwamnati ita ce waya ta zama makami. Da ita 'yan bindiga ke karɓar rahoto daga masu yi musu leƙen asiri a cikin gari, da ita ake sanar da su motsin sojoji, da ita ake cinikin kuɗin fansa. Wannan gaskiya ne, kuma mutanen karkara sun fi kowa saninsa, shi ya sa da yawansu suka yi na'am da matakin a makonnin farko. An haɗa shi da wasu matakai: rufe kasuwannin mako, hana sayar da fetur a jarka, hana safarar shanu, taƙaita zirga-zirgar babura. Ɗaliban Kaya sun dawo gida kafin mako biyu ya cika. Duk wanda ya ce matakin bai girgiza 'yan bindiga ko kaɗan ba ya yi son kai.

Amma abin da ya biyo baya shi ne ya kamata ya zama maudu'in mahawara, kuma bai zama ba. Masu ɗauke da makamai suna da babura da fetur ɗin da suka tara da dajin da ba shi da iyaka, sai suka matsa. Ganin haka Katsina ta kashe sabis a ƙananan hukumomi 13, Sakkwato a 14, Kaduna ma ta bi sahu a wasu yankuna kafin Satumba ya ƙare. Na kusa da iyaka aka ruwaito suna kama layukan Jamhuriyar Nijar. Wanda ba ya iya matsawa shi ne manomin da shinkafarsa ke gona a fadamar Bakolori, da matar da naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare, da dattijon da ke jiran ɗansa mai aikin ƙarfi a Legas ya turo kuɗin cefane. Mai sana'ar POS ya naɗe lemarsa, domin na'urarsa ba ta aiki sai da sabis. Mutanen Gusau sun riƙa hawa mota zuwa Funtua don su yi kira ɗaya su duba asusun banki. Na yammacin jihar sun nufi ɓangaren Sakkwato, har sai da aka kashe na can ɗin ma. Hanyar da mutum zai bi ya je ya yi kiran kuwa ita ce wadda ake tare mutane a kanta. A tsakiyar Oktoba aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ta Jihar Sakkwato, aka kashe mutum fiye da 40, a yankin da babu wayar da za a kira agaji da ita. Wayar da infoma ke amfani da ita, ita ce dai wadda ƙauye ke gargaɗin maƙwabcinsa da ita cewa an ga babura sun nufo.

Duk wannan ya faru ne kusan ba tare da shaida ba. 'Yan jarida kaɗan sun yi ƙoƙari, wasu ƙungiyoyin kare haƙƙi irin su SERAP da Paradigm Initiative sun yi magana, amma babu hoto mai yawo, babu bidiyo, babu murya daga cikin duhun da za ta ce ga halin da ake ciki. Labarin da ke fitowa daga Zamfara a watannin nan mafi yawansa daga bakin hukuma yake fitowa, kuma hukuma nasara take bayyanawa. Wannan ƙasa ta san irin wannan shirun tun kafin a ƙirƙiro wayar hannu. A Afrilun 1980, lokacin mulkin Shagari, manoman da aikin madatsar ruwa ta Bakolori ya raba da gonakinsu sun tare hanyoyi suna neman diyya, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Har yau alƙaluman hukuma da na masu bincike ba su haɗu ba a kan yawan waɗanda aka kashe: wancan na cewa gommai, wannan na cewa ɗaruruwa. Birnin Tudu mazaɓa ce a Bakura kamar yadda Dakko take.

Irin wannan tazara tsakanin mai magana da mai ciwo ba a kan kashe turaku kaɗai take ba. Batun sirri ma haka yake. A Janairun 2021 WhatsApp ya sanar da sauya sharuɗɗansa game da musayar bayanai da Facebook, sai duniya ta ɗauka, Nijeriya ma ta ɗauka. Aka yi ta tura saƙonni cewa a koma Signal ko Telegram, wasu suka koma na kwana uku suka dawo. Damuwar ba shirme ba ce. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa. Sai dai sirrin da ake tattaunawa a wannan mahawara sirrin mutumin da ke da imel da katin banki da tarihin bincike ne, wanda ke tsoron kada kamfanin talla ya san irin takalmin da yake so.

A lokacin da ake wannan, wata doka mai nauyi fiye da haka tana aiki. A tsakiyar Disambar 2020 ma'aikatar Pantami ta ba da umarnin haɗa kowane layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN, aka dakatar da sayar da sababbin layuka har zuwa Afrilun 2021. Ranar 4 ga Afrilun 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 72 yin kira saboda ba a haɗa su ba. Ɗan birni ya yi ƙorafin layi da cunkoso a ofishin NIMC. Mutumin karkara kuwa sai ya yi tafiya zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ko ya jira wakilin da zai zo da na'ura, ya ba da zanen yatsunsa goma da hoton fuskarsa da sunan mahaifinsa ga wanda bai sani ba, sau da yawa ya biya kuɗi a kan abin da doka ta ce kyauta ne. An karɓi wannan duka a hannunsa da alkawari ɗaya: duk wanda ya kira ya nemi kuɗin fansa, za a san ko wane ne.

Alkawarin bai cika ba, kuma ba abokan hamayya ne suka faɗa ba. A Janairun 2024, bayan sace wasu 'yan mata 'yan gida ɗaya a yankin Bwari na Abuja, Pantami da kansa, wanda a lokacin ya bar ofis, ya fito ya koka cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da bayanan da aka tara. A cikin shekarar kuma aka bankaɗo shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane. Paradigm Initiative ta nuna cewa da naira 100 ana iya samun bayanan mutum, duk da NIMC ta musanta cewa an kutsa cikin rumbunta. Dokar kare bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 tana nan a rubuce. Sannan a shekarar 2024 aka riƙa ganin 'yan bindiga a TikTok, fuska a buɗe, suna baje damin kuɗi, mutane na bin su suna sharhi, wasu har suna roƙon a taimaka musu da wani abu. Ga wanda aka taɓa kashe wa waya wata uku domin kada waɗannan mutane su yi kira, wannan kallo ne mai ɗaci.

Sirri a wuri irin Dakko yana da wata ma'ana da mahawarar intanet ba ta cika kaiwa gare ta ba. Wayar tana kwana a shagon mai caji tare da wasu talatin, a buɗe. Wanda bai iya karatun boko ba yana miƙa wa mai POS katinsa ya kuma faɗa masa lambobin sirri da baki a gaban mutane. Layin da mace ke amfani da shi wataƙila da sunan ƙaninta aka yi masa rajista, na tsoho kuma da sunan jikansa, ta yadda rumbun da ake taƙama da shi yana ɗauke da sunan wani a kan muryar wani. Saƙon banki da ya rage a cikin waya na iya zama abin da zai yanke wa mutum farashin kansa idan ya faɗa hannun masu garkuwa. Abin tsoro a nan ba kamfanin da ke Kaliforniya ba ne; maƙwabci ne da ya ji an yi maka alat bayan ka sayar da buhu ashirin na shinkafa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai ɗakin nan ba ya cikin zauren da ake zana dokokin kare bayanai, ba ya kuma cikin waɗanda ake ɗauko maganarsu a sa a labari.

Batun fim ya nuna ɗaya fuskar al'amarin, wato abin da ke faruwa idan gwamnati ta ɗauki hayaniyar intanet a matsayin ƙuri'a. A Yulin 2016 aka sanar da shirin gina dandalin shirya finafinai na naira biliyan 3 a Ƙofa, ƙaramar hukumar Bebeji ta Jihar Kano. Wasu malamai suka hau mumbari suka yi tir, Facebook ya ɗauki zafi, cikin 'yan kwanaki gwamnatin tarayya ta janye, aka ce an saurari jama'a. Mutum na iya goyon bayan janyewar ko ya ƙi ta, kowane ɓangare yana da hujjar da za a saurara. Abin da ba a yi ba shi ne tambayar su wane ne jama'ar. Ba a yi zaman jin ra'ayi a Bebeji ba, ba a ƙirga masu ɗaukar hoto da masu gyaran sauti da teloli da direbobin da ke ci daga masana'antar ba, ba a kuma karkatar da kuɗin a fili zuwa wani aikin da masu adawa suka ce sun fi so ba. An ji ƙara, an tsorata, an fasa.

Finafinan kuwa ba su fasa zuwa ba. Zamfara ta rufe gidajen sinima tun zamanin da Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a 1999, amma silima ta shiga aljihu. Masu tura fim a kasuwa, da kwamfuta ɗaya da janareta, su ne sinimar karkara: a ba su mimori da kuɗi kaɗan, su zuba Labarina da Izzar So da fassarar finafinan Indiya. Daga nan waya ta ba waya ta Xender, ba tare da ko sisin data ba. Lokacin da Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22 a Mayun 2025, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, an yi kwanaki ana ce-ce-ku-ce a kan ko hukumar tana da iko da abin da ake sakawa a YouTube. Tambaya ce mai kyau ga lauyoyi. Amma adadin masu kallo da YouTube ke nunawa, wanda masu shirya fim ke rayuwa da shi kuma masu sharhi ke kafa hujja da shi, bai san da mai kallon mimori ba. Ba ya cikin ƙidaya, ba ya cikin sharhi, mai fim ba ya samun kobo daga kallonsa, kuma idan aka ce masu kallo sun ji haushin yadda labari ya ƙare, ba da shi ake ba.

Na'urori ba sa buƙatar dogon bayani. Duk Satumba, idan Apple ya fitar da sabuwar iPhone, sai a raba gari tsakanin masu yabo da masu kushe, a kan wayar da farashinta ya fi abin da manomi da yawa ke samu a shekara. Kamfanin da ya sauya rayuwar karkarar Arewa da gaske shi ne Transsion na birnin Shenzhen a Sin, mai Tecno da itel da Infinix, kuma ya yi hakan ne da abubuwan da ba a rubuta musu sharhi: gurbin layi biyu saboda sabis ɗin da ke zuwa yana ɗaukewa, batir mai kwanaki saboda wutar da babu, fitila, rediyo, lasifika mai ƙara. Na'ura ɗaya ce daga cikin na zamani ta cancanci a tsaya a kanta a wannan magana, wato Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. An yi ta gwada saurinsa ana sakawa a intanet. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da yake nufi ga dabarar kashe turaku: wanda ke da kuɗin sayen faranti yana da hanya ta sama da ba ta bi ta turken MTN ko Airtel. A dajin Zamfara kuwa an san waɗanda ke da irin wannan kuɗi. Idan aka maimaita matakin 2021 a yau, zai fi wancan karon sauka a kan talaka shi kaɗai.

Kuma ba abin da zai hana a maimaita shi. Dokar Sadarwa ta 2003 ta ba NCC ikon dakatar da ayyukan sadarwa a lokacin gaggawa ko don tsaron jama'a, kuma ba mai hankalin da zai ce kada gwamnati ta mallaki irin wannan iko kwata-kwata. Matsalar ita ce ikon ya zo ba tare da linzami ba. Jama'a sun san da umarnin na 3 ga Satumba ne saboda wasiƙar ta ɓulla a kafafen labarai. Wa'adin mako biyu ya wuce, aka ci gaba, ba tare da an dawo gaban kowa an nemi ƙari ba. Da aka dawo da sabis, ba a ajiye wa jama'a wani rahoto ba mai cewa ga abin da aka samu, ga abin da aka rasa, ga yawan hare-hare kafin da lokacin da bayan, ga asarar 'yan kasuwa, ga marasa lafiyar da ba su kai asibiti ba. A Janairun 2022, makonni kaɗan bayan an kunna turakun, aka yi kisan ƙauyukan Anka da Bukkuyum wanda mazauna suka ce ya ci rayuka kusan 200. Mai goyon bayan matakin zai ce ga abin da kunnawa ta jawo. Mai adawa zai ce ga shaidar cewa wata uku na duhu bai karya kowa ba. Babu mai iya kayar da ɗan'uwansa, domin ba a tattara abin da za a yi hukunci da shi ba.

Wasu ƙasashe sun bi wannan hanya sun fito da darasi. Indiya na cikin ƙasashen da suka fi yawan katse intanet, kuma bayan ta rufe Kashmir a Agustan 2019, Kotun Ƙolinta ta yanke a Janairun 2020 cewa dole a wallafa kowane umarnin katsewa domin a iya ƙalubalantarsa, dole ya zama na ɗan lokaci, dole kuma a riƙa sake duba shi a kai a kai. Hukuncin bai hana Indiya katsewa ba, amma ya ba wanda aka cutar takardar da zai riƙe ya je kotu. A nan kusa, kotun ECOWAS ta hukunta Togo a 2020 a kan katse intanet da ta yi lokacin zanga-zangar 2017. Kotun da ta saurari ƙarar Twitter ke nan. Ƙofarta a buɗe take ga mutumin Bakura kamar yadda take ga ɗan jaridar Legas. Bambancin shi ne ɗaya yana da lauyoyi da ƙungiyoyi da mabiya dubu ɗari, ɗayan kuma sai an tafi an same shi.

A nan ne nauyi ya hau kan 'yan bokon Arewa, likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da malaman jami'a waɗanda ke da data da Turanci da lambar wayar ɗan majalisa. Da yawansu 'ya'yan irin waɗannan ƙauyuka ne, kuma a watannin nan uku sun ɗanɗana abin ta ɗaya gefen: suna Kaduna ko Abuja suna danna lambar mahaifiya, na'ura na cewa ba a samun ta. Sun san abin da ya faru fiye da kowane mai sharhi na waje. Amma da sabis ya dawo aka yi hamdala, aka koma gardamar 5G da iPhone da rigar wata jaruma. Ba laifi ba ne mutum ya yi nishaɗi da waɗannan. Laifin shi ne a bar su su cinye dukkan lokacin da ake da shi na magana a kan fasaha, har ya zama abu mafi girma da fasaha ta yi wa Arewa maso Yamma a wannan ƙarni ya wuce ba tare da ko zaman bincike ɗaya da aka kammala aka bayyana sakamakonsa ba.

Abubuwan da za a nema ba su da yawa, kuma ba sa buƙatar sabuwar hukuma. A gyara Dokar Sadarwa ta yadda duk umarnin kashe turaku zai fito a rubuce a bainar jama'a, da wa'adi, kuma ba za a tsawaita shi ba sai da amincewar alƙali ko majalisa. A wajabta barin wata hanyar kiran gaggawa ga asibitoci da hakimai da ofisoshin 'yan sanda. A tilasta wa gwamnatin da ta nemi matakin ta kawo rahoto bayan an gama. Shaidun 2021 kuma suna nan da ransu: kamfanonin waya suna da ranar da aka kashe kowane turke da ranar da aka kunna shi, babban asibitin Talata Mafara yana da rajistar masu zuwa haihuwa na watannin Satumba da Oktoba da Nuwamba, masu POS na Bakura sun san abin da suka yi asara, dagatan Dakko da Rini da Birnin Tudu sun san wanda aka binne a kowane mako. Sashen nazarin zamantakewa na Jami'ar Tarayya ta Gusau ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo zai iya tattara wannan da ɗalibai goma da hutun zango ɗaya.